Kunnena na Hagu da Malafar Kawu

Ni zabiya ne. Na fara da wannan don kada mai karatu ya sha wahalar kintace. A unguwar Ƙofar Dumi, cikin garin Bauchi, aka haife ni, a gidan da kowa baƙi ne wuluk har da akuyar gidan, sai ga ni na faɗo fari fat kamar ferarren rogo. Yaran unguwa sun laƙaba mini Bature tun ban iya tafiya ba, amma har yau ban ci moriyar sunan ba, ko layin asibiti ba a taɓa ɗaga mini ba. Abu ɗaya na gada daga Turawa, shi ne ni da rana ba ma ga maciji.

Mutane suna ɗauka zafi ne matsalata. Ba zafi ba ne. Akwai wani haske a cikin rana wanda ido ba ya gani, jiki ma ba ya jin shigarsa, sai ya gama ɓarna tukuna fata ta ba da labari. Baƙar fata tana da garkuwarta, tawa kuwa ƙofa ce ba marfi. Wanda ya fara yi mini wannan bayani shi ne Kawu, ƙanin Inna, ma'aikaci a ofishin duba yanayi da ke bayan gari. Su a ofis yubi suke ce wa hasken, kuma suna da lambar da suke auna ƙarfinsa da ita. In lambar ta yi ƙasa, kowa ya sha yawonsa. In ta haura goma, mai irin fatata ya nemi inuwa.

Kawu gajere ne, mai ƙaramin gemu, kullum da biro biyu a aljihun kaftani, ɗaya na rubutu ɗaya na ado. Ban taɓa ganin mutumin da ya yarda da doka irinsa ba. Inna takan ce ko ƙofar Aljanna ya tarar a buɗe, sai ya tsaya ya tambayi wanda ya sa hannu kafin ya shiga. Da an idar da sallar asuba yake hawa babur ya tafi ofis, ya duba ma'aunin ruwan sama, ya ga abin da na'ura ta kawo, ya aika wa gidan rediyo. Daga nan sai gidanmu, domin ya ce kokon matarsa ruwa ne da aka nuna wa gero daga nesa. A zaure yake zama, Inna ta miƙo masa koko da ƙosai, ya kurɓa, ya gyara murya kamar mai karanta labaran duniya.

"Yau sha ɗaya."

Inna ba ta san sha ɗayan mene ne ba, kuma ba ta taɓa tambaya ba. Sai dai ta juyo wurina ta ce, "Ka dai ji. Malafa."

Malafar nan tana rataye a wata ƙusa a bangon zauren. Kawu ne ya sayo mini ita a kasuwar Muda Lawal, faɗinta ya kusa na faifai biyu, in na sa ta sai in koma kamar makiyayin da shanunsa suka ɓata. Na tsane ta. Ga riga mai dogon hannu, ga man shafawa mai kauri da likita ya rubuta, wanda ke mai da ni fari a kan fari. Haka nake fita, mutane suna ba ni hanya.

Tsawon shekarun da na yi ina sauraron Kawu, ban tuna ranar da ya faɗi wata lamba mai daɗin ji ba. Yau goma, gobe sha ɗaya, jibi sha ɗaya da ɗoriya. Wata rana na ce masa, "Kawu, wannan aikin naku ai ko aku aka koya wa zai iya."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Aku ba shi da lambar ma'aikaci."

Inda muke yawan samun saɓani da shi shi ne ranakun da gari ya yi lumshi. A gidanmu an yi imani, tun daga kan kakata, cewa girgije bargo ne. In ba a ga rana ba, to babu rana. Kawu ya sha faɗa mana cewa hasken nan yana ratsa siririn girgije kamar yadda ruwa ke ratsa rariya, mu kuwa mu ce masa to, a ranmu muna cewa boko ya yi masa yawa. Amma duk da haka shi yake cin nasara, domin yana da lamba, mu ba mu da komai sai ra'ayi. Mutum ba ya musu da sha ɗaya.

Dalilin duk wannan tsaro yana saman kunnena na hagu. Wani ɗan wuri ne mai kaushi, bai kai ƙwayar wake ba, yakan yi ɓawo ya faɗi ya sake yi. Likitar fata, wata mata 'yar kudancin jiha da ba ta iya kwana-kwana a magana ba, ta taɓa shi da yatsa ta ce, "Wannan ka sa masa ido. Irinsa ne ke juyewa ya zama daji. Kar rana ta ƙara ganinsa." Ta faɗa a gaban Inna, Inna ta faɗa wa Kawu, daga ranar kunnena ya zama dukiyar dangi.

Ina da rumfar hatsi a Muda Lawal, can ciki inda rana ba ta kaiwa. Ina kuma da gona a Gubi, bayan gari kusa da dam, wadda Baba ya bari. Gonata ce, amma 'yan ƙwadago suka san ta. Ni sai bayan la'asar nake zuwa, in zagaya hannuwa a baya kamar jami'in gwamnati, in ce a gyara can, su ce to, in tafi su yi abin da suka ga dama. Abin yana cin raina. Baba da hannunsa ya noma wurin nan har ya tsufa, ni kuwa na girma ban san nauyin fartanya da hantsi ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma na fi jin zafin wannan a kan sunan Bature.

Sai wata shekara aka yi garambawul a wurin aikin su Kawu. Manya suka zauna a inda manya ke zama, suka ce bai kamata kowane ƙaramin ofis ya riƙa gargaɗin jama'a da bakinsa ba, wannan ya ce za a yi ruwa, na maƙwabta ya ce ba za a yi ba. In za a yi adalci, suna da hujja. Sai suka tattara duk sanarwar hadari da iska da ƙarfin rana suka danƙa wa ofishin shiyya, a wani gari can kan duwatsu inda mutane ke sa rigar sanyi da damina. Su ne za su riƙa gaya mana yadda rana take a Bauchi. Kawu aka bar shi da auna ruwa da aika lambobi sama, aka kuma ja musu kunne cewa duk ma'aikacin da ya faɗa wa jama'a hasashe ba da izini ba, zai amsa tambaya.

Washegari ya zo ya sha kokonsa, ya cinye ƙosai, ya goge baki, ya miƙe.

Inna ta ce, "Ba ka faɗa ba."

"Yaya, an hana mu. Yanzu shiyya ke sanarwa."

"An hana ku gaya wa wa?"

"Jama'a."

"Ɗan 'yar'uwar taka ne jama'a?"

Kawu ya gyara biron ado a aljihu, ya ce, "Odar ba ta ce ban da dangi ba."

Inna ta dube shi daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke ta lokaci ba, ta ce gobe ya zo da sukarinsa.

To, ga yadda sanarwar shiyya take zuwa mana. Na'ura ta fitar da lambar tun da asuba kamar kullum. Wani ya rubuta. Wani ya mai da ita Hausa. Sai a jira darakta ya fito daga mitin ya sa hannu. Sai a aika gidajen rediyo, su kuma su nema mata gurbi, gurbin da ya rage kuwa shi ne bayan la'asar, tsakanin cigiyar akuya da tallan maganin basir. Sai ka ji murya mai daɗi tana cewa ƙarfin hasken rana a yau mai tsanani ne, jama'a su guji fita daga hantsi zuwa bayan azahar. A lokacin rana ta riga ta karkata, masu shayi sun fara hura wuta. Ihu bayan hari ke nan, sai dai wannan ihun da sa hannun darakta.

Gargaɗin hadari shi yakan zo da wuri, domin hadari yana kwashe rufin ofis, rana kuwa ba ta taɓa cire wa kowa kwano ba. Matsalarsa ita ce faɗi. Sai a ce ana sa ran iska mai ƙarfi a sassan shiyya, shiyyar kuwa ta haɗa garuruwan da sai ka yi guzuri kafin ka je. Matan Ƙofar Dumi su kwashe shanya, a ɗaure awaki, a sallami 'yan makarantar allo, a ƙarshe ko ɗigo. Ranar da iska ta zo da gaske ta ɗauke kwanon maƙwabcinmu ta kai masa layi na gaba, ba mu ji komai a rediyo ba sai da safe, lokacin yana kan tsani da guduma.

Unguwa ba wawaye ba ne. Sun lura cewa da yammacin ranar an ga Kawu a saman ɗakinsa yana ɗora duwatsu a kan kwano, bai ce wa kowa uffan ba. Daga nan aka bar rediyo aka koma kallon Kawu. In ya ɗaure akuyarsa, kowa ya ɗaure. Wata rana ya hau gyaran yoyo kawai, layinmu gaba ɗaya ya rufe shaguna, mai gyaran takalma har da kiran salla kafin lokaci.

Amma rana ba ta sa mutum hawa rufi. Babu abin da zan kalla a jikin Kawu in san lamba. Da lambar ta daina zuwa zaure, sai tsohon imanin gidanmu ya dawo ya shimfiɗa tabarmarsa.

Ranar da abin ya faru, tsakiyar damina ce, lokacin maimai. Tun da safe rediyo ya ce hadari mai ƙarfi na tafe a sassan shiyya. Gari ya yi lumshi, farin girgije ya rufe sama, ga iska mai sanyi tana kaɗa labulen zaure. Inna ta leƙa tsakar gida ta ɗaga kai ta ce, "Yau dai ranarka ce." Ta faɗa ne da farin ciki, domin ta san abin da ke raina ko da ban faɗa ba.

Na ɗauko fartanyar Baba. Na dubi malafa, na ce a wannan iskar ai yini zan yi ina bin ta cikin gonakin mutane. Na sa 'yar hula ta zanna, wadda ba ta rufe komai sai tsakiyar kai. Na fito zaure, Kawu yana zaune da kokonsa, da sukarin da ya zo da shi a ƙulle a leda.

Ya dubi fartanya. Ya dubi hular. Ya dubi malafa a kan ƙusa, ya daɗe yana dubanta.

"Gona za ka?"

"Gona za ni, Kawu. Nawa ce yau?"

Da gangan na tambaya, don in ja shi. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya yi wani tari da ba na mura ba.

"Za a sanar," in ji shi.

"To, in an sanar a gaishe su."

Na hau keke mai ƙafa uku na haya zuwa Gubi ina dariya.

Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa jin daɗin yini irin wannan ba. Ƙasa a jiƙe, masara ta kai gwiwa, ciyawa tana fita da saiwarta ba gardama. 'Yan ƙwadago suka tsaya suna kallona, ɗayansu ya ce, "Alhaji, yau da kanka?" Na ce da kaina. Na naɗe hannun riga. Na sunkuya kamar yadda na ga Baba yana yi, bayana ya yi ƙara, ban kula ba. Ɗaliban jami'a suna wucewa a keke suna nuna ni, wata har da ɗaga waya, wataƙila ina can a wayar wani a matsayin Baturen da ya zo koya wa manoma aiki. Daga inda nake ina hango ruwan dam yana ƙyalli. Hadarin da aka yi alkawari bai zo ba, ya tafi wasu sassan shiyyar. Girgijen ya yi ta sirancewa, iska tana busa mini wuya, ban ji zafi ko kaɗan ba. Na yi azahar a bakin gona, na koma na ƙarasa kunyar da na fara.

A keke muna dawowa, direba ya kunna rediyo a wayarsa. Aka yi cigiyar wata tunkiya mai baƙin kai. Sai muryar nan mai daɗi ta ce ƙarfin hasken rana a yau ya kai matuƙa duk da girgije, masu larurar fata su zauna a gida. Direban ya waiwayo ya dube ni, ya ce, "Malam, ka ga fuskarka kuwa?"

Kafin magariba na yi ja kamar gauta. Wuya, goshi, hannuwa, kunnuwa, duk suka kumbura suka yi bororo. Inna tana shafa mini mai tana kuka tana zagin girgije, wanda a iya sanina ba a taɓa zaginsa a gidanmu ba. An ce jiki ya fi kunne ji. Ni a wurina tare suka ji.

Fatar ta saluɓe, sabuwa ta fito, ko'ina ya warke. Kunnen hagu ne ya ƙi. Wurin nan mai kaushi ya buɗe ya zama gyambo, ya yi ɓawo, ya fashe, ya yi jini a kan matashi. Damina ta wuce, aka yi girbi, yana nan. Likitar ta duba, ta ɗebi ɗan yanki aka kai gwaji, da na koma ta ce, "Abin da na gaya maka ne. Za mu yanke saman kunnen tun bai yi nisa ba." Na tambaye ta ko yinin nan na Gubi ne ya jawo. Ta ce, "Ba aikin yini ɗaya ba ne. Tun kana yaro rana take tara maka. Yinin nan dai bai taimaka ba."

Na ji tsoro, tsoron da ban taɓa ji ba. Na san zabiyoyi a garin nan da abin ya fara musu daga kunne ya ƙare a makabarta. Aka yi aikin, aka ce an samu an kwashe duka, amma in riƙa zuwa ana dubawa har iya rayuwata. Na fito da kunne ɗaya da rabi. A kasuwa abokai suka ce yanzu an yi mini shaida kamar ragon gidan mai kuɗi, ba zan ɓata ba. Asarar da na fi ji a aikace ita ce ba na iya maƙala biro a wannan gefen.

Tun daga ranar da na dawo daga Gubi, Kawu bai sake shan koko a gidanmu ba. Inna ba ta kore shi ba, ba ta kuma aika a kira shi ba. A asibiti ya zo, ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki da ledar lemo a hannu, kamar wanda ya zo wurin da ba a gayyace shi ba. Na ce ya shigo. Ya zauna a bakin gado yana kallon bandejin. Na gaya masa abin da likita ta ce, cewa ba yini ɗaya ba ne, shekaru ne. Na faɗa don in sauke masa kaya.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Sha biyu ce ranar. Tun da asuba na gani da idona."

Haushinsa ya kama ni, na so in tambaye shi ko darakta zai ba ni aron kunne. Sai na ga yadda ya tsufa a cikin 'yan watannin nan, sai tausayinsa ya danne haushin. Can ya ɓare lemo ɗaya ya miƙo mini, ya manta bai cire 'ya'yan ba.

Bayan an sallame ni da 'yan kwanaki, ina shirin fita kasuwa da safe, sai na ji ƙarar babur ɗin Kawu. Ya yi sallama ya shigo zaure. Bai zauna ba. Ya miƙa hannu, sai da ya yi ɗage saboda gajarta, ya ciro malafa daga ƙusa, ya kaɗe ƙurarta a gwiwa, ya ce in sunkuyo. Na sunkuya. Ya kifa mini ita.

Inna tana tsaye da kwanon koko. Ta ce, "Odar fa?"

"Ai ban ce komai ba, Yaya."

Ta ajiye masa kokon. Ta koma ciki ta kawo sukari.

Har yanzu sanarwar shiyya bayan la'asar take zuwa, na ji an ce ana duba yiwuwar kafa kwamiti. Kawu ya yi ritaya, ba shi da ofis, ba shi da na'ura, bai fi ni sanin lambar yau ba. Amma kowace safiya sai ya zo, ko rana ko lumshi. Akwai ranar da ya shigo a jiƙe sharkaf, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ce, "Kawu, ruwa fa ake yi." Sai kawai ya yi ɗage ya ciro malafar. Ni da 'ya'yana suka fara tasawa, ni nake sunkuyawa a zaure ana sa mini malafa. In ya kifa, sai ya ja baya ya duba, ya dawo ya ƙara jan gefen hagu ƙasa, inda babu sauran abin rufewa sosai.